Mai Korar Ungulu

A mayanka kowa da abin hannunsa: wannan wuƙa, wancan gatari, wani kuma bokitin wankin tumbi. Shi nasa gora ce, doguwa, ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, da jan ƙyalle ɗaure a samanta. Ɗan mahauta ne gaba da baya, amma ranar da ubansa ya fara miƙa masa wuƙa ya tsaya a kan akuya ya kasa yankawa har ta gaji da jira. Uban ya dube shi ya girgiza kai, ya karɓe wuƙarsa, ya damƙa masa gora. Ita ce ta cinye masa suna. Har matarsa, in ranta ya ɓaci, Mai Gora take ce masa. Aikinsa guda ne tak, korar ungulu.

Yaran yanzu in sun ji haka dariya suke yi, don ba su ga zamanin ba. Aiki ne mai sa gumi. Kafin a kayar da saniyar farko ungulaye sun cika katanga, sun cika rufin kwano, sun jeru a kan tsamiyar bakin ƙofa kamar masu jiran rabon gado. Mai fiɗa ya juya baya ya wasa wuƙa, kafin ya waiwayo an ja hanji an yi gaba da shi. Fatun da aka shanya a fili kuwa, in babu mai tsayawa a kansu, sai a tarar an yi musu ƙofofi. To shi ne mai tsayawar. Ya ɗaga gorar nan, ƙyallen ya kaɗa, ya buɗe murya ya ce, “Sama dai, sama!” Sai fuka-fukai su ɗauka gaba ɗaya, inuwa ta rufe fili, mahauta su duƙar da kai don gudun abin da ke zubowa daga sama. Jim kaɗan su kewayo su dawo, shi ma ya sake ɗagawa. A bakin wannan aiki ya samu mata, wata yarinya da aka aiko sayen hanta, ungulu ta kai wa kwanonta sura ya kore ta. A bakin aikin nan ya ciyar da ’ya’ya har suka kama gabansu, ko da yake babbar ’yarsa, in an tambaye ta a makaranta, cewa take babanta ma’aikacin mayanka ne, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ba ƙin ungulayen yake ba. Yadda ɗan sanda ke sanin ɓarayin unguwarsa, haka ya san su, ya san mai kwaɗayi ya san matsoraciya. Akwai wata da mahauta suka laƙaba wa Gwaggo, saboda tafiyarta irin ta dattijuwar da ta zo gidan ɗan’uwanta ta tarar ba a yi shara ba. Ɗingishi take da ƙafar hagu. Gorar ce ta same ta tun tana ƙarama, wata rana da ta yi nawar tashi. Shi bai nufe ta ba, ita kuma ba ta tsaya jin ba’asi ba. Tun daga ranar ba ta ƙara yarda sun haɗa fili ɗaya ba. Sauran sai ya yi ihu suke tashi, ita kuwa kafin ya gama shigowa ƙofa ta riga ta yi sama.

Babu mai iya cewa ga ranar da suka fara raguwa. Shi dai ya lura kafaɗarsa ta daina ciwo da yamma. Katanga ta yi giɓi, sannan tsamiya ta koma ta tsuntsaye ƙanana, daga baya ma aka sare ta aka kafa shagon gyaran waya. Wasu suka ce masu sayen kawunansu ne suka ƙarar da su. Wasu suka ce gubar da ake zuba wa mushe ce. Wasu suka ce wurin kwana suka rasa. Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Mahauta dai murna suka yi, shi ma ya taya su, har lokacin da warin bayan mayanka ya fara hana mutane cin abinci, don masu kwashe ƙazantar kyauta sun tafi, sun bar wa karnuka da hankaki, su kuwa ba su iya aikin ba.

Aiki ya mutu a hannunsa, aka mayar da shi shara da buɗe ƙofa. Gorar dai bai ajiye ba. Gwiwa ta fara yi masa gardama, sai ta koma abin dogarawa. Abokinsa Mai Fiɗa, wanda suka taso tare, bakinsa kuma ya fi wuƙarsa kaifi, ba ya ganinsa ya ƙyale.

“Ga sojan da ya ci yaƙi har ya rasa abokin gaba. Ka kore su, ka kori abincinka.”

“Kai dai ji da fatar mutane, ka huda ta ka ce ungulu ce. Yanzu wa za ka ɗora wa?”

Su yi dariya. Amma in ya ɗaga kai ya ga sama fayau, sai dariyar ta ɗauke. Kewa ce, ko da yake da wani zai ce masa yana kewar ungulu da sun yi faɗa. Guda ɗaya ta rage a duk yankin, Gwaggo. Takan zo da hantsi, can ƙololuwa, ta kewaya mayanka ta wuce gabas, wajen babban jujin gari. Sauka kam ba ta yi.

Ana nan sai ga wata likitar tsuntsaye, siririyar yarinya sa’ar autarsa, da takalmin roba da madubin hangen nesa rataye a wuya. Wata ƙungiya ce ta turo ta, ta masu ƙoƙarin kada irin tsuntsayen nan ya ƙare. Shugaban mahauta ya ba su saman tsohon ɗakin sanyi, rufin siminti ne shimfiɗaɗɗe, babu komai a kai sai wani ɗan akurkin ɗaki da aka taɓa ajiye injin ruwa. Nan suka kafa keji mai faɗi, suka saka wata matashiyar ungulu, namiji, da aka ƙwato a hannun masu fatauci tun yana ɗan tsako, mutane suka rene shi. Kafin azahar mahauta sun sa masa suna Ango.

Likita ta samu Mai Gora a bakin ƙofa, ta rusuna ta gaishe shi.

“Baba, an ce duk garin nan babu wanda ya san ungulu kamarka.”

“Korarsu na sani, ’yar nan. Kiransu ban taɓa gwadawa ba.”

Ta zauna a kan benci ta yi masa bayani dalla-dalla. Kullum za a hau da kayan ciki masu tsabta a zuba kusa da kejin. In Gwaggo ta saba cin abinci a nan, za ta rage zuwa juji, inda ba a san abin da za ta ci ba. In ta saba da Ango, sai a buɗe masa. Zai bi ta ya koyi inda ake kwana, da yadda ake hawa iska, da yadda ake tsoron mutum. In Allah ya sa da sauran ƙwai a cikinta, to, ƙila a ga ɗan tsako.

“In ba ta sauka ba fa?”

“Sai mu mayar da shi inda muka ɗauko shi, ya tsufa a keji. Shi kaɗai ba zai yi mako a waje ba. Ita kuma duk ranar da ta ci abin da bai kamata ba, shi ke nan, an rufe babin ungulu a nan.”

Ya ce a bar masa ɗaukar bokitin naman. Da Mai Fiɗa ya ji, sai da ya ajiye wuƙa don ya ji daɗin dariya. Ya ce duniya rawar ’yan mata, na gaba ya koma baya, yau ga mai kora ya zama mai kai wa amarya abinci.

Haka ya fara. Da sassafe ya zagaya wajen masu yanka, wannan ya jefa masa huhu, wancan saifa, ya ɗauki bokiti a hannu ɗaya, gora a ɗaya, ya bi matakala yana hutawa. Ango ba ya tsoronsa ko kaɗan. Har zuro baki yake ta ragar keji yana jan igiyar takalminsa. Abin na ba shi haushi yana kuma ba shi tausayi, don a ganinsa ungulun da ba ta tsoron mutum ba ta gama zama ungulu ba. In ya ba shi nasa, sai ya baza sauran a fili, ya ja gefe ya zauna. Ungulu ba ta jewar banza, in ji masu magana, kuma Gwaggo ta ga naman. Ta fara kewayawa ƙasa-ƙasa fiye da yadda ta yi a shekarun nan duka, har inuwarta na giftawa ta kan siminti. Sai ta karkace ta yi gabas.

Likita ta yi kwanaki tana kallo daga ƙasa da madubinta. Ranar nan ta hau ta same shi, tana ta juya maganar a baki kamar mai ba maras lafiya labarin ciwonsa.

“Baba, kada ranka ya ɓaci. Ina jin kai take gudu.”

Ya gyara riƙon gorarsa, ita kuwa ta ci gaba.

“Suna da riƙo, kuma suna daɗewa a duniya. Ka riƙa zubawa tun kafin ta taso, ka sauka, ka yi nisa da nan. Zan ɗaura kyamara, duk abin da ya sauka za mu gani. Ni ma ba kullum zan riƙa zuwa ba, akwai wasu garuruwan a wuyana.”

Ya ce to. Da baki ya faɗa, zuciyarsa ba ta sa hannu ba. Shi fa tun da yake bai taɓa ganin Gwaggo tana cin abinci cikin kwanciyar hankali ba. Bayanta ya sani da ƙarƙashin fuka-fukanta. Abin da yake so bai fi ya ga ta sauko ta ci abin da hannunsa ya zuba ba, ko sau ɗaya, kafin ɗayansu ya riga ɗaya. Tsufa kuwa in ya ƙwallafa rai a kan abu, ya fi yaro naci.

Sai ya yi dabara irin tasa. Ya ajiye hular da aka san shi da ita, ya aro wata tsohuwar rigar sanyi ta surukinsa, ya saci wani koɗaɗɗen zanen matarsa ya riƙa lulluɓa. In ya zuba nama, maimakon ya sauka, sai ya zagaya ta bayan kyamara ya shige ɗakin injin ruwa, ya ja ƙyauren kwano, ya kafa ido a wata huda da ke jikin bulo. Mai Fiɗa ya ci karo da shi a gindin matakala cikin wannan shiga, ya ja da baya ya kare masa kallo.

“Wa za a yi wa ungulu da kan zabo? Ita ungulun?”

“Rufa mini asiri. In yarinyar nan ta ji, ta raba ni da bokitin.”

Ɗakin ƙarami ne, mutum ba ya miƙewa tsaye a ciki, ga zafi, ga warin tsohon man inji. Gora ba ta shiga. Don haka kullum sai ya jingine ta a waje, jikin bango, kanta ya zarce rufin ɗakin, ƙyallen na kaɗawa a iska. Ko sau ɗaya bai kawo ta a ransa ba, kamar yadda mutum ba ya tuna hancinsa alhali yana gaban idonsa.

Ta hudar nan ya riƙa ganin abin da ke cin ransa. Gwaggo ta zo, ta sauko, ta sauko, wata rana har ta saki ƙafafu kamar za ta dira. Ango ya yi ta tsalle a keji yana miƙa wuya. Sai ta naɗe ƙafafunta ta yi sama. Hankaki su sauko su yi wasoso. Ya fito jiƙe da gumi, ya ɗauki gorarsa, ya sauka yana zaginta ƙasa-ƙasa, yana cewa hali zanen dutse, tsohuwa sai taurin kai. Ranar da Likita ta zo ta duba hotuna, hankaki ta gani da wata kyanwa.

“Baba, kana sauka kuwa?”

“Ina sauka mana.”

Bai yi ƙarya ba, ai yana sauka, sai dai bayan an tashi kasuwa. Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce manyanta sun fara ƙorafi, sun ce in damina ta kama babu labari a dawo da Ango. Ta ce akwai wanda ya fi wannan muni. Kare ya ciji wani yaro a bayan gari, hukuma ta ce za a zuba wa karnukan juji guba. Ta je ofis ta roƙa a dakata, ko a riƙa binne gawarwakin, an ce ta dawo gobe. Ta koma, an ce mai sa hannu ya yi tafiya. Tana magana tana murza idonta, ya ga yarinyar ta rame. Ya so ya gaya mata gaskiya, kunya ta danne shi.

Matarsa wanki da guga take yi wa mutanen unguwa. Ɗakinsu ɗaya da rumfa, kullum cike da kayan da ba nasu ba, an jera su a kan gado an rufe da leda. Rannan da la’asar ya dawo ya tarar tana guga a rumfa, ta shimfiɗa bargo a kan tebur, gawayi na ƙamshi a cikin dutsen guga. Zanen da ya ɓoye a ƙarƙashin tabarma yana rataye a kan igiya.

“Malam, zanena ne ya koyi zuwa mayanka da ƙafarsa? Sau biyu na wanke, warin bai fita ba.”

Ya ga babu mafita, ya zauna a kan turmi ya kwashe labari ya gaya mata, har da rigar surukinsu. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce da ’ya’yansa sun gan shi da sun ce a kai shi asibiti. Sannan ta ɗauki wata riga ta yayyafa mata ruwa.

“To ka sauya hula, ka sauya riga, ka lulluɓa kamar mai zazzaɓi. Gorar fa, ina kake sa ta?”

“A waje mana. Ai ba ta shiga ɗakin.”

Ta ajiye dutsen guga a kan mazauninsa, a hankali. Dariyar ta bar fuskarta.

“Ni da nake matarka, in na leƙa titi ba fuskarka nake nema ba. Ƙyallen nake hangowa sama da kawunan mutane, in ce ga shi nan tafe, in ɗora ruwa. Ni ke nan da idona ya fara hazo. Balle ita da ke kallo daga sama.”

Ya juya ya dubi gorar, tana jingine a inda take jingina tun suna amarci. Hannunsa ya cinye wurin riƙo har ya yi santsi. Ƙyallen ya koɗe, amma ja ne har yanzu, don duk lokacin da ya yage matar ce ke yanko masa sabo. Ashe duk makonnin nan da yake tsugune cikin zafi yana roƙon Gwaggo ta sauko, tutarsa na bisa kansa tana ce mata ta wuce. Kuma ya san inda take wucewa. Abincin da aka ajiye masa bai iya ci ba.

Washegari ya fita babu gora, karo na farko tun yana saurayi. Hannunsa na dama ya rasa inda zai sa kansa. Ya riƙa bin bango yana dafawa, mai shayin bakin titi ma sai da ya wuce sannan ya gane shi ya ƙwala masa gaisuwa. Mai Fiɗa ya gan shi ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Ya karɓi bokitin ya hau masa da shi, ya dawo bakin aikinsa. Shi kuwa da rarrafe ya gama matakalar, hannu da gwiwa, kamar jariri.

Yau kam ya yi niyyar sauka da gaske. Ya ba Ango nasa, ya baza sauran, ya juya. Gwiwar ce ta ƙi. Hawan ya cinye masa lokaci, rana ta riga ta ɗaga. Ya ce bari ya ɗan zauna jikin bango ya mayar da numfashi, sannan ya lallaɓa. Yana zaune a fili, babu lulluɓi babu komai, inuwa ta gifta ta kansa. Kafin ya ɗaga ido ya ji faɗuwar abu mai nauyi a kan siminti.

Gwaggo ce. Ga ta nan, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon gorarsa ba. Bai taɓa ganin fuskarta kusa haka ba, fatar kanta mai ja-ja da tamoji, da idonta mai gashi kamar na mutum, da yatsan ƙafar hagun nan da ya karkace. Daɗi ya kama shi har ya ji hawaye. A ransa ya ce, ashe gorar ce, matata ta yi gaskiya. Ya ƙi ko motsi, yana jiran ta taka zuwa naman da tafiyar nan tata ta isa.

Ba ta taka ba. Naman ma ba ta kalle shi ba. Fuka-fukanta suka zube a ƙasa kamar rigar da ta fi mai ita, wuyanta ya riƙa sunkuyawa tana ɗagowa da ƙyar, wani ruwa mai yauƙi na bin bakinta. Ango ya zo jikin raga yana leƙenta, ba ta san yana yi ba. Ta juyo ta dubi Mai Gora ido cikin ido, ta ci gaba da zama.

Nan daɗin ya juye ya zama tsoro. Da gora ko babu gora, Gwaggo mai lafiya ba za ta zauna kusa da shi haka ba. Daga juji take, ta riga ta karya kumallo a can. Ko rashin ƙyallen ne ya sa ta sauka, ko ƙarfinta ne ya ƙare daidai nan, wannan bai sani ba, kuma har ya mutu ba zai sani ba.

Ya dafa bango ya miƙe. Abu ɗaya ya iya a duniya, shi ya yi. Ya ɗaga hannunsa wanda babu komai a ciki, ya tattaro muryar da ya yi shekaru bai taɓa ba.

“Sama dai, sama!”

A ƙasa tsofaffin mahauta suka duƙar da kai ba su sani ba, matasa suka ɗaga ido suna tambayar lafiya. Hankaki suka watse daga kan katanga. Ango ya daki ragar keji da fuka-fuki. Gwaggo ba ta motsa ba. Ya sake yi, muryar ta karye a tsakiya. Ya matsa kusa, ya durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo.

“Gwaggo, ni ne fa. Ba ki gane ni ba? Tashi mana.”

Mai Fiɗa ne ya hau da gudu, shi ya kira Likita a waya. Tana wani gari, ta ce ga ta nan, a sa Gwaggo a inuwa, a lulluɓe ta, kada a ɗura mata komai. Mai Gora ya tuɓe rigarsa ya naɗe ta, ya shiga da ita ɗakin injin ruwa, ya zauna da ita a cinya. Ya yi mamakin rashin nauyinta, tsuntsuwar da ya yi rayuwarsa yana fama da ita ba ta fi ƙullin wanki ba. Yana jin bugun zuciyarta a tafin hannunsa, da sauri, sannan a hankali. Mai Fiɗa na tsugune a bakin ƙofa. Kafin motar Likita ta shigo gari aikin gama ya gama.

Ta buɗe rigar ta duba baki, ta duba ido, ta shafa wuyan, ta ce guba ce, ta mayar ta rufe. Ta zauna a kan siminti ta haɗa kai da gwiwa. Ya gaya mata zancen ɗakin da na gorar, bai rage komai ba. Ya so ta yi masa faɗa, ko zai ji sauƙi. Ta ɗago kai ta dube shi.

“Da ta saba da nan, ƙila yau ba ta je can ba. Ba zan ɓoye maka ba, Baba. Amma ita kaɗai ce fa ta rage. Ranar da aka wayi gari ana lissafin guda ɗaya, an riga an makara. Mu duka mun makara.”

Bai ji sauƙi ba. Ita ma ba don ya ji ta faɗa ba.

Bayan kwana kaɗan aka zo da mota aka kwance kejin. Aka sa Ango a akwati mai huda, yana ta zuro baki yana neman igiyar takalmin da zai ja. Likita ta riƙe hannun tsohon da hannu biyu, ta ce za ta riƙa kira. Ta kira sau ɗaya ko biyu. Shi kuma bai ƙara hawa saman ɗakin sanyi ba, sharar ma ba a jima ba ya bar wa wani, don gwiwar ta ƙi gaba ɗaya. ’Yarsa ta aiko masa da sandar ƙarfe irin ta asibiti.

Gorar tana nan. Matarsa ta tokare igiyar shanya da ita, don in kaya sun yi nauyi igiyar na taɓo ƙasa. Yanzu a rumfa yake wuni, yana miƙa mata gawayi, yana kallon ɗan yankin sama da ke tsakanin rufinsu da na maƙwabta. Wata rana da hantsi tana shanya ya kira ta.

“Tsohuwa, kwance ƙyallen nan.”

“Me ya tsare maka?”

“Ko wata za ta biyo ta nan.”

Ta dube shi, ta dubi saman. Ba ta ce masa babu mai zuwa ba, ta san ya fi ta sani. Ta sauke gorar, kayan mutane suka taɓa ƙasa, ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta mayar da ita ta tokare igiyar. Sannan ta kwashe rigunan da suka ɓaci ta koma bakin baho.